Yadda ake mayar da garejin gida wurin sana'a ba tare da an jawo wa iyali gobara ba

Idan aka buɗe garejin gidaje da yawa a Kano ko Kaduna ko Zariya a yau, ba mota za a tarar ba. Abin da zai fara tarbar mutum shi ne tsohuwar katifa da aka jingine da bango, da keken yara mai ƙafa ɗaya, da firjin da ya daina sanyi tun shekarun baya, da buhunan masara, da jarkokin da ba wanda ya tuna abin da ke cikinsu.

Wasu garejin tun asali ba su taɓa ganin mota ba, an dai gina su ne da fatan Allah zai kawo. Wasu kuwa sun rabu da motar ne bayan 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur a jawabinsa na kama mulki. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta wuce naira 1,000 a garuruwa da yawa. Masu albashi da dama suka jingine motocinsu, wasu suka sayar baki ɗaya.

Sai ga ɗaki mai tsawon kusan mita 6 da faɗin mita 3, mai ƙofa a bakin titi, ya zauna ba aikin yi a lokacin da kuɗin hayar shago ke ta hawa. Mafi sauƙi shi ne a bai wa mai sayar da kayan masarufi haya. Amma akwai waɗanda idonsu ke kan wani abu daban: ɗan fansho mai sha'awar aikin kafinta, matashin da ya gama koyon walda bai samu kuɗin kama shago ba, mai gyaran fanka da janareta da ya gaji da zama a gindin bishiya.

Tunanin mai kyau ne. Matsalar ita ce ɗakin da aka gina don ajiye mota ba a tsara shi don tartsatsin wuta ba, kuma sau da yawa bango ɗaya ne ya raba shi da ɗakin da yara ke kwana.

Kafin a sayi ko da ƙusa ɗaya

Aikin farko ba ya cin kuɗi, amma shi ne ya fi cin rai. Sai an fitar da komai waje, har tsinke, kafin a ga ainihin girman wurin da halin da bango da daɓe suke ciki. Mai gyaran da ya tsaya tura kaya daga wannan kusurwa zuwa waccan zai ƙare ne da gareji mai tarkace da benci a tsakiya.

A nan ne kuma ake fara samun saɓani a cikin gida. Rabin abin da maigida ke kira shirgi kayan ɗakin uwargida ne, ko tukwanen suna da biki da ake fitowa da su sau biyu a shekara. Wanda bai zauna da ita an nemo wa waɗannan kaya wani muhalli ba, kafin wata uku zai tarar da su sun dawo a ƙarƙashin bencinsa.

Masana'antun Japan suna da wani tsari da ya shahara ta hanyar kamfanin Toyota, wanda ake kira 5S. Matakinsa na farko shi ne tantancewa: duk abin da ake shakkar amfaninsa a liƙa masa jar takarda mai ɗauke da kwanan wata, a ware shi gefe, idan wa'adi ya cika ba a neme shi ba a fitar da shi. A gida wata guda ya isa. Ƙarafa da matattun injina 'yan gwangwan na saye a kan sikeli, kuɗin ma na iya biyan buhun siminti ko biyu.

Abu ɗaya da bai kamata ya koma ciki ba ko da akwai fili shi ne abinci. Hatsi da gari suna ɗaukar warin fetur da fenti, sannan suna gayyato ɓeraye, ɓera kuwa idan ya gama da buhu wayar wuta yake komawa.

Daga sama ake farawa

Masu gini sun san ƙa'idar: rufi, sannan bango, sannan ƙasa. Wanda ya yi sabon daɓe a watan Maris bai duba kwanon rufi ba, ruwan farko na damina zai nuna masa kuskurensa. Da rana tsaka, a rufe ƙofa a ɗaga kai. Duk inda haske ke shigowa, nan ruwa zai bi.

Tsofaffin gidaje, musamman na rukunin ma'aikata, suna da wani tarko na daban. Da yawa an yi musu silin ko rufi da allunan asbestos. Muddin ba a taɓa su ba haɗarinsu kaɗan ne, amma da zarar an sa musu zarto ko injin huda, ƙurar da ke tashi tana maƙalewa a huhu, kuma tana iya haddasa sankara bayan shekaru 20 ko fiye. Idan allunan ba su fashe ba, gara a shafe su da fenti a ƙyale su.

Danshin ƙasa kuwa akwai hanyar gane shi ba tare da kiran injiniya ba. A yanki leda mai faɗin kamu biyu, a liƙe ta a daɓe ta kowane gefe da salatif, a bar ta kwana ɗaya. Idan aka ɗaga aka ga gumi a jikinta ko simintin ya yi duhu, ruwa na tasowa daga ƙasa, kuma duk fentin da aka shafa ɓarewa zai yi. Maganinsa sabon daɓe ne da aka shimfiɗa leda mai kauri a ƙarƙashinsa. Ana ba shi ruwa kamar mako guda, a jira kwana 28 kafin a shafa masa komai. A roƙi birkila ya ɗan karkata shi zuwa ƙofa, don ruwan wanki ya san hanyar fita.

Tayil mai sheƙi yana burge ido, amma guduma ɗaya ta faɗo ya tsage, baƙin mai ya zuba kuma ya zama santsi. Simintin da aka goge da kyau ya fi shi.

Sai zafi. A watan Afrilu ma'aunin zafi kan kai 40 a Kano, ya wuce haka a Sakkwato da Maiduguri, ƙarƙashin kwanon da ba silin kuwa sai wanda ya shiga. Yawancin gareji ba su da taga ko ɗaya. Fasa taga a saman bangon da ke fuskantar ƙofa yana sa iska ta ratsa, zafin da ya taru a sama ya fice. Sai dai a lura kada tagar ta buɗe cikin tsakar gida ko kusa da tagar ɗakin kwana, don ta nan hayaƙi da ƙura za su bi. Farin fenti a bango kuma yana ƙara haske ƙwarai, ya rage yawan ƙwan da za a saya.

Inda ba a neman arha

Garejin da aka saba gani yana da ƙwan fitila ɗaya da soket ɗaya, su ma an jawo su ne daga layin falo. Wannan soket mai baki uku an yi shi ne don ɗaukar amfiya 13, wato kusan wat 3,000 a wutar Najeriya mai bolt 230. Ƙaramin injin walda kaɗai na iya jan amfiya 20 ko fiye idan ana aiki da shi sosai. Abin da ke biyo baya sananne ne: filogi ya yi zafi, roba ta narke, wani ya cire fis ya ɗaura waya a madadinsa, wayar da ke cikin silin ta ci gaba da dahuwa ba mai gani.

Don haka wurin aiki na buƙatar layinsa na kansa tun daga babban akwatin wutar gida, da ƙaramin akwati a cikin garejin mai makunni ɗaya da zai kashe komai. Waya mai kaurin milimita 1.5 ta fitilu ce, 2.5 ta soket, injin walda ko kwamfiresa kuwa sai 4 ko 6 gwargwadon ƙarfinsa da nisan da wayar za ta yi. Akwai kuma wata na'ura da masu wayarin ke kira RCD, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta ji tana zurarewa ta jikin mutum. Mai lamba 30mA ake sa wa soket. A ɗakin da ake riƙe injin ƙarfe da hannu mai gumi, ana tsaye a kan siminti, babu abin da ya fi ta daraja, kuma dole a haɗa ta da wayar ƙasa ta gaske, wadda aka kafa wa sandar ƙarfe.

Ita kanta wayar sai an yi hattara. Kasuwa cike take da wadda aka yi da alminiyom aka shafe ta da ruwan jan ƙarfe, ko wadda kaurinta bai kai abin da aka rubuta a jiki ba, hukumar SON ma ta sha kama irinta. Idan aka kankare bakin waya da wuƙa aka ga fari a ciki, a ajiye ta. Arha ba ta ado, a nan kuwa har gida takan ci. Hukumar NEMSA tana ba masu aikin wayarin takardar shaida, ba laifi ba ne a tambayi wanda aka ɗauko ko yana da ita.

Soket a sa su a saman benci, kamar mita 1.1 daga ƙasa, guda huɗu ko shida. Wayoyin jone-jone da ke kwance a ƙasa su ne ke harɗe ƙafar mai ɗauke da katako. Fitila kuma kada ta zauna a bayan mai aiki, domin inuwarsa za ta faɗa daidai inda yake yanka. Dogayen ƙwayayen LED masu wat 18 guda uku ko huɗu sun wadatar, ɗaya daga ciki a kan benci. Ga wanda ke layin Band A, inda kuɗin wuta ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 kan kowane yunit a Afrilun 2024, bambancin waɗannan da tsofaffin ƙwayaye yana fitowa a mita.

Janareta da jarkar fetur

Idan aka ɗauke wuta, hankali kan koma kan janareta, kuma gareji ne wurin da ya fi kama da muhallinta: akwai ƙofar ƙarfe, ɓarawo ba zai ɗauka ba, ruwa ba zai taɓa ta ba. Wannan lissafin ya hallaka iyalai da dama a Najeriya.

Hayaƙin janareta na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari. Tana kama jini fiye da yadda iskar shaƙa ke kama shi sau 200 ko fiye, alamunta na farko kuma ciwon kai ne da jiri da kasala, abin da kowa zai ɗauka gajiya ce ko zazzaɓi. Mai barci ba ya ma jin komai. Buɗe ƙofar gareji ba ya wadatarwa, domin iskar na bi ta ƙarƙashin ƙofar shiga gida da ta cikin silin. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka tana ba da shawarar a ajiye janareta a waje, aƙalla ƙafa 20 daga ƙofa ko taga, wato kusan mita 6. Kejin ƙarfe mai rufi a wajen gini, wanda mai walda zai haɗa cikin yini ɗaya, ya magance maganar ɓarawo da ta ruwa.

Fetur kuwa ba sai wuta ta taɓa jarka ba. Tururinsa ya fi iska nauyi, yana kwanciya a ƙasa yana bin daɓe kamar ruwa, tartsatsin giranda kuma yana tashi mita da yawa. Ɗabi'ar ɓoye fetur a gida lokacin wahalar mai ta sa wannan ya zama ruwan dare. Fetur da tina da fenti mai mai, wurinsu akwatin ƙarfe ne a inuwa, a wajen ɗakin da ake yanka ƙarfe. Haka batiran inbata: suna fitar da iskar haidirojin yayin caji, ba su da haɗi da wurin walda.

Tukunyar kashe gobara mai hoda, ta kilo 6, a rataye ta a bakin ƙofa tare da bokitin yashi. A bakin ƙofa, ba can ƙurya ba, don kada mai ɗauko ta ya ratsa wuta kafin ya kai gare ta. Wutar fetur ba a zuba mata ruwa, yaɗa ta yake yi.

Benci da bango

Masu ganin gareji ya yi ƙanƙanta suna iya tuna cewa kamfanin Hewlett-Packard ya fara ne a 1939 a wani gareji a Palo Alto da ke jihar Kalifoniya, mai faɗin ƙafa 12 da tsawon ƙafa 18, da jarin dala 538. Ba kowane gareji ne zai haifi kamfanin kwamfuta ba, amma girman nasu bai wuce na gidajen Kabuga ko Barnawa ba.

Sirrin ƙaramin wuri shi ne ƙasa ta zauna fili, bango ya ɗauki kaya. Benci ɗaya mai ƙarfi a jikin doguwar katanga, zurfinsa santimita 60 don hannu ya kai ƙarshe, tsayinsa tsakanin 85 zuwa 90. Mafi daidai a auna da jikin mai shi: ya tsaya ya saki hannu, inda wuyan hannunsa ya tsaya nan saman bencin zai tsaya. Benci mai girgiza ba benci ba ne, sai a ɗaure shi da bango. Na kafinta katako, na mai walda kuwa farantin ƙarfe, kuma wanda ke son yin sana'o'in biyu a ɗaki ɗaya ya sani cewa garin katako da tartsatsi ba sa zama tare. Walda ta fita ƙofar gida ko a ware mata ranarta bayan an share tsaf.

Kayan ba su da wuyar samu. A Kano akwai 'yan katako na Na'ibawa da Rijiyar Lemo, ƙarfe kuma Ƙofar Ruwa. Kaduna na da Panteka, Abuja na da Dei-Dei, Yamai na da kasuwar Katako. Abin lura shi ne katakon da ke zuwa daga kudu sau da yawa ɗanye ne, idan hunturu ya buge shi sai ya murɗe ya tsage. A saya a jera shi a inuwa da 'yan sanduna a tsakani na wasu makonni kafin a taɓa shi. Ƙafafun benci a shafa musu maganin gara irin su Solignum, a ɗora su kan ɗan ƙarfe ko tayil don kada su taɓa daɓe.

Saman benci sai allon rataya. Falle ɗaya na filawud, mai ƙafa 4 da ƙafa 8, ya isa ɗaukar guduma da zarto da sifanu da filaya da sukundireba na mutum ɗaya. Dabarar da bakanikai na manyan kamfanoni ke yi ita ce zana siffar kowane abu da fenti a inda yake rataye. Da yamma kallo ɗaya ya isa a san sifana mai lamba 13 ba ta dawo ba, tun maƙwabcin da ya ara bai manta ba.

Rataya nauyi a bangon bulo na da nasa sharaɗi. Bulon inci 6 da na inci 9 duk rami ne a ciki, wasu kuma yashi ya fi siminti yawa, ƙusa na shiga kamar cikin tuwo. Gara a kafa dogon katako a kwance da ƙusoshin bango masu buɗewa a wurare da yawa, sannan a rataya kanta a jikinsa, nauyin ya rabu. Kaya masu nauyi su zauna a kantar ƙasa. Ƙananan ƙusoshi da notina kuwa ba sai an sayi akwati mai tsada ba, gwangwanin madara da robar man shafawa da aka rubuta wa suna sun isa.

Hunturu da damina kowanne da irin ɓarnarsa. Ƙurar hunturu tana shiga cikin injina ta cinye su a hankali, don haka injin huda da giranda durowa ko akwati mai murfi suke so, ba allon bango ba. Damina kuma tsatsa take kawowa, sai a riƙa goge bakin zarto da kurfi da ɗan mai. Tsummokaran da suka sha mai ko fenti kada a tara su a kusurwa, a jefa su cikin gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Abin da ke bin mutum cikin gida

Ƙarar giranda na kai wa desibel 100, alhali 85 ce iyakar da ake ganin kunne zai jure na awa takwas. Mai aiki na iya toshe kunnensa, amma tsohuwar da ke bayan katanga ba za ta iya ba. Sanar da maƙwabta tun kafin a fara, da dakatar da injina lokutan sallah da bayan magariba, ya fi zuwa gaban mai unguwa sauƙi. Ɗan haya kuma kada ya fasa taga ko ya ja sabon layin wuta sai da yardar mai gida, a rubuce. Idan abin ya tashi daga aikin sha'awa ya koma kasuwanci mai kwastomomi da allon talla, to ya shiga hurumin hukumomin tsara birane, irin su KNUPDA a Kano, waɗanda ke ba da izinin sauya amfanin gini.

Hukumar binciken sankara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, IARC, ta sanya ƙurar katako da hayaƙin walda cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankara. Takunkumin hanci na ƙura da gilashin ido ba su kai kuɗin katin waya na mako ba, amma su ne ake fara mantawa da su.

Arewa kuma ta riga ta ga abin da kan faru idan sana'a mai guba ta shigo tsakar gida. A 2010 aka gano cewa niƙa duwatsun zinare a cikin gidaje a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara ya watsa ƙurar dalma a inda yara ke rarrafe, kuma ƙungiyar likitoci ta MSF ta ce yara kusan 400 ne suka mutu. Dalmar nan ita ce a cikin batirin mota da na inbata. Fasa batir ko narka abin da ke cikinsa ba aikin garejin gida ba ne, ko nawa za a samu.

Ko ga mai aikin da bai kai wannan haɗari ba, yaro ɗan shekara biyu da ya ga an buɗe sabon ɗaki mai ƙarafa masu sheƙi zai nemi hanyar shiga. Ƙofar da ta haɗa gareji da cikin gida tana buƙatar sakata a sama inda hannunsa ba zai kai ba, makunnin wuta ma haka. Tina da ruwan batir kada a zuba su a robar lemo ko ta ruwan sha. Rigar aiki da takalmi kuma su samu ƙusarsu a bayan ƙofar garejin, a tuɓe su a nan, a wanke hannu da sabulu kafin a shiga a ɗauki jariri ko a sa hannu a kwanon tuwo.